Motsa Jiki Ma Yana da Talgensa da Sulalarsa

Duk macen da ta iya tuwo ta san ba da tuƙi ake farawa ba. Ruwa ake ɗorawa a murhu, a jira shi ya tafasa. Sai a ɗebi gari kaɗan a dama da ruwan sanyi, a tsiyaya cikin tukunya ana juyawa, a yi talge. A rufe, a ba shi lokaci ya yi ta ɓararraka har ya nuna. Sai bayan nan muciya take shiga aikinta na gaske, ana barbaɗa gari ana tuƙawa, gumi na tsiyaya, har tuwo ya haɗe ya yi santsi. Ko a nan ma ba a kwashewa. Akan janye itace a bar garwashi, a mayar da murfi, a bar shi ya sulala, sannan a ɗauko mara. Yarinyar da aka bar wa girki alhali hankalinta yana gidan biki, a wuri biyu take yin yanke: ta zuba gari talge bai nuna ba, ta kwashe tuwo bai sulala ba. Ita a ganinta ta yi tuwo, tunda ta tuƙa har kafaɗarta ta yi tsami. Masu ci ne za su gaya mata gaskiya. Ga gudaji, ga warin ɗanyen gari, wanda aka ajiye don ɗumame kuma kafin safiya ya saki.

Irin wannan girkin mafi yawanmu muke yi wa jikinmu da sunan motsa jiki. Leƙa filin kowace makarantar firamare da yamma bayan La'asar, ko safiyar Asabar lokacin da magidanta suke fitowa ƙwallo. Mutum zai sauko daga babur, ya tuɓe riga, ya zura takalmi, tun bai gama ɗaure igiya ba har ya fara kiran a ba shi fas. Sati guda ke nan yana zaune, daga kujerar ofis ko bencin shago zuwa tabarmar majalisa, amma a minti na farko yana so ya tsere wa sa'an ɗansa a gudu. Idan aka tashi kuma, sai ya zube inda yake tsaye, ya fasa ledar ruwa, ya hau babur ya tafi. Tuƙin kaɗai ya sani. Minti goman farko da minti biyar ɗin ƙarshe a wurinsa ɓata lokaci ne, ko kuma ƙa'ida ce ta ƙwararru masu cin albashi da ƙwallo. Ni kuwa a ganina, shi ya fi ƙwararren bukatar waɗannan mintuna.

Dalilin yana cikin yadda jiki yake rabon jininsa. Lokacin da mutum yake zaune, zuciyarsa tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti, tana tura jini kimanin lita 5. Abin da yake isa tsokoki daga ciki bai wuce kashi 20 cikin 100 ba, saura yana tafiya hanta da hanji da ƙoda da ƙwaƙwalwa. Idan gudu ya yi tsanani, rabon yakan juye gaba ɗaya. Zuciyar matashi mai lafiya takan kai lita 20 zuwa 25 a minti, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 na wannan jinin tsokoki ne suke shanyewa. Sauyi irin wannan ba ya yiwuwa a ƙiftawar ido. Sai ƙananan hanyoyin jini na cikin tsoka sun buɗe, na kayan ciki sun tsuke, numfashi ya zurfafa, ita kanta zuciyar jijiyoyin da suke ciyar da ita sun faɗaɗa. Sai an ɗauki mintuna kafin iskar oksijin da mutum yake shaƙa ta kamo abin da aikin yake nema. Shi ya sa wanda ya fara gudu da ƙarfi yake jin ƙirjinsa ya toshe tun da wuri, har ya yanke wa kansa hukuncin cewa ba shi da numfashi. Numfashinsa ƙalau. Gari ya zuba a ruwan da bai tafasa ba.

A shekarar 1973 wani masani a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles, James Barnard, shi da abokan aikinsa suka gwada wannan a kan mutane. Sun samo maza 44 waɗanda ba a san su da ciwon zuciya ba, suka ɗora su a kan injin gudu da aka karkata ya zama kamar hawan tudu, suka sa su gudu mai tsanani na daƙiƙa 10 zuwa 15 ba tare da wani shiri ba, na'ura tana ɗaukar awon zuciyarsu. Kusan kashi 70 cikin 100, awonsu ya nuna irin alamar da ake gani idan tsokar zuciya ba ta samun isasshen jini. Sai aka sake gwada 22 daga cikin waɗannan, amma a wannan karon sai da kowa ya yi sassarfa a wuri ɗaya ta minti 2 kafin ya hau injin. Mutum 10 awonsu ya fito lafiya lau, wasu 10 alamar ta ragu, 2 ne kaɗai ta tsaya musu. Minti 2 kawai ya kawo wannan bambancin, a jikin mutanen da ake ganin lafiyarsu ƙalau. To ina ga magidanci ɗan shekara 45 mai tumbi, wanda hawan jini ya daɗe da kama shi bai sani ba saboda bai taɓa zuwa awo ba?

Tsoka ma tana da nata talgen. A lokacin hutu zafinta yana ƙasa da na tsakiyar jiki, wajen digiri 35 a ma'aunin Salshiyas. Motsi na minti 10 zuwa 15 yakan ɗaga shi da digiri 2 ko 3, kuma masana sun auna cewa kowane digiri ɗaya yana ƙara ƙarfin tsalle da gajeren gudu da kashi 2 zuwa 5 cikin 100. Tsoka mai ɗumi ta fi saurin tsukewa da sakewa, ta fi yarda a ja ta. Ruwan da yake cikin gaɓoɓi yakan ƙara santsi idan ana motsa su. Saƙon da ƙwaƙwalwa take aika wa ƙafa ya fi saurin isa. Akwai kuma abin da ba a auna shi da ma'aunin zafi: jiki yana tuna aikin da zai yi. Wanda ya yi juyi da birki da tsalle sau goma a hankali kafin wasa, na goma sha ɗayan da zai yi da ƙarfi, mai tsaron baya na bin sa, ba zai zo wa gwiwarsa a baƙo ba.

Dubi tsokar bayan cinya, wadda ta fi kowace yawan yagewa a wurin 'yan ƙwallo. Yawanci a tsakiyar gudu mai tsanani take yagewa, daidai lokacin da ƙafa ta wurga gaba, tsokar tana miƙe iyakar miƙewa kuma ita ce aka ɗora wa nauyin riƙe ƙafar kada ta wuce. Kowa ya taɓa ganin wannan: ɗan wasa yana tsaka da gudu, babu wanda ya taɓa shi, sai ya dafe bayan cinya ya fara ɗingishi. Tuwon da ya yi gudaji, gobe a tuƙa wani. Tsokar da ta yage kuwa makonni ne a zaune, kuma wadda ta taɓa yagewa ta fi saurin sake yagewa. Jijiyar tsakiyar gwiwa idan ta tsinke, sai tiyata, sannan wata tara zuwa shekara kafin a koma fili, ga mai halin biyan kuɗin aikin ke nan. Yaron unguwa da iyayensa ba su da wannan halin, za a ce targaɗe ne, a ɗaure, a shafa magani, gwiwa ta riƙa goce masa duk sanda ya juya, burinsa na ƙwallo ya ƙare yana ɗan shekara 17. Wannan ne yake ci mini rai, domin da yawa daga cikin waɗannan raunuka ana iya kauce musu ba tare da an kashe ko sisi ba.

Ba hasashe nake yi ba. A shekarar 2006 hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, ta hannun cibiyarta ta binciken lafiya, tare da masana daga Oslo ta ƙasar Norwe da Santa Monika ta Amurka, ta fito da wani tsarin ɗumama jiki da ta kira FIFA 11+. Minti 20 yake ɗauka, motsi iri 15, kashi uku. Minti 8 na farko sassarfa ce haɗe da buɗe kwankwaso, zagaya abokin wasa, da gudu gaba da baya. Minti 10 na tsakiya na ƙarfafa ciki da cinya ne, da tsayuwa a ƙafa ɗaya, da tsugunno, da koyon dira daga tsalle ba tare da gwiwa ta karkata ciki ba. Minti 2 na ƙarshe gudu ne mai ƙarfi da yanke kwana. An gwada shi a Norwe a kan 'yan mata 'yan ƙwallo 1,892 masu shekara 13 zuwa 17, aka buga sakamakon a 2008: raunuka gaba ɗaya sun ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku, masu tsanani kuma da kusan rabi.

Wani zai ce ai can Turai ne, filinsu ciyawa ce, takalminsu mai kyau ne. To an gwada shi a Legas. Oluwatoyosi Owoeye da abokan aikinsa sun ɗauki ƙungiyoyi 20 na gasar matasa ta Legas, samari fiye da 400 masu shekara 14 zuwa 19, suka raba su biyu. Rabi suka riƙa yin wannan tsarin, rabi suka ci gaba da abin da suka saba. A sakamakon da aka buga a 2014, waɗanda suka bi tsarin raunukansu sun ragu da kashi 41 cikin 100, raunin ƙafa kuwa, daga cinya zuwa idon sawu, da kashi 48. Yaran Najeriya ne, a filayen Najeriya, a zafin Najeriya. Babu injin da aka saya, babu maganin da aka sha.

Sai dai akwai abin da mutane da yawa suke yi suna zaton talge ne, alhali ba shi ba ne. Mutum ya iso fili jikinsa a sanyaye, ya ɗora ƙafa a kan katanga ya sunkuya yana ƙoƙarin taɓa yatsunsa, ya daɗe a haka yana yamutsa fuska, ya canza ƙafa, shi ke nan ya gama shiri. Wannan miƙar ta tsaye ba ta ɗaga bugun zuciya, ba ta ɗumama tsoka. Sojojin Ostireliya sun gwada ta a kan sababbin kurata 1,538 a tsawon makonni 12 na horo. Duka sun riƙa ɗumama jiki da motsi, amma rabi an ƙara musu miƙar tsokokin ƙafa. Rahoton da ya fito a shekarar 2000 ya nuna babu wani bambancin kirki a yawan rauni tsakanin ɓangarorin biyu. An kuma gano cewa riƙe miƙa fiye da minti ɗaya dab da wasa yana ɗan rage ƙarfin tsoka na wani lokaci. Miƙa tana da amfaninta wajen sakin gaɓoɓi, musamman ga masu shekaru da masu yawan zama, amma wurinta bayan an gama ne, lokacin da jiki yake da ɗumi. Kafin farawa, motsi ake so: tafiya, sassarfa, wurga ƙafa gaba da baya, ɗaga gwiwa, juya kafaɗa da kwankwaso, daga ƙarami zuwa babba.

Ƙa'idar ba ta da wuya. Abin da za ka yi da ƙarfi, fara yin sa a hankali. Hajiyar da likita ya ce ta riƙa tafiya saboda ciwon suga ko hawan jini, minti biyar ɗin farko ta yi tafiyar zuwa maƙwabta, sannan ta ɗaga ƙafa. Mai gudu ya fara da tafiya, ya shiga sassarfa. Mai ɗaga ƙarfe ya fara da rabin nauyin da yake nufi, ko ƙasa da haka. Kamar yadda mai girki take gane talge ya nuna daga ƙamshinsa da kaurinsa, kai ma jikinka zai gaya maka: gumi ya ɗan tsatso a goshi, numfashi ya ɗaga amma kana iya magana da na kusa da kai ba tare da kana yankewa ba. Idan kana haki tun a nan, ka wuce gona da iri, ka ci daga ƙarfin da za ka yi wasan da shi.

Na sha jin ana cewa, "Mu da muke cikin wannan rana, ai jikinmu kullum a ɗumame yake." Akwai ɗan ƙamshin gaskiya a ciki. A watan Afrilu, lokacin da zafi yake wuce digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Yamai, tsoka ba ta bukatar dogon lokaci, kuma ya kamata a gajarta shirin, a yi shi a inuwa, a sha ruwa. Amma rana fata take gasawa. Ba ta gaya wa zuciya cewa gudu na tafe, ba ta koya wa gwiwa yadda za ta dira. Da hunturu kuwa maganar ta fi ƙarfi. Masu fita gudu bayan sallar Asuba a watan Disamba da Janairu suna fita ne a lokacin da zafin jikin ɗan Adam yake kusa da mafi ƙarancinsa a yini, ga iska mai sanyi, busasshiya, mai ƙura. Irin wannan iskar ce take tayar wa masu asma ciwonsu idan suka shaƙe ta da yawa a lokaci ɗaya, kuma an tabbatar cewa ɗumama jiki a hankali yana rage tsukewar hanyar numfashi da motsa jiki yake jawo musu. A irin wannan safiya minti 15 ba su yi yawa ba, kuma a bar rigar sanyi a jiki sai gumi ya fito.

Ɗumin kuma ba ya jira. Masana a Denmak sun auna tsokar cinyar 'yan ƙwallo a hutun rabin lokaci, suka tarar cikin minti 15 ɗin nan na zama zafinta yana sauka da kusan digiri 2, gudun 'yan wasa kuma yana raguwa a farkon zagaye na biyu. Waɗanda suka tashi suka ɗan motsa kafin a koma ba su yi wannan asarar ba. Shi ya sa idan ka je kallon wasa a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, ko kana kallo a talabijin, za ka ga 'yan benci suna kai da komowa a gefen fili tun kafin koci ya kira su. A ƙwallon unguwa kuwa, yaro yana zaune a kan dutse awa guda, sai a ce masa, "Kai, shiga!"

Sulala ta fi talge shan wulaƙanci, domin a lokacin kowa ya gaji, hankali ya koma gida. Kuma a nan ya kamata a faɗi gaskiyar abin da take yi da abin da ba ta yi, saboda an daɗe ana jingina mata aikin da ba nata ba. An ce wai tana wanke sinadarin laktet da ya taru a tsoka, wanda wai shi ne yake kawo tsamin jiki washegari. Gaskiya ne motsi a hankali yana hanzarta fitar sinadarin daga jini, amma ko an zauna ma cikin awa ɗaya ko makamancin haka yake komawa daidai. Tsamin da ake ji bayan kwana ɗaya zuwa uku daga ƙananan yagewa yake zuwa a cikin zaren tsoka, musamman idan an yi aikin da jiki bai saba ba. A shekarar 2018 wasu masana biyu, Bas Van Hooren da Jonathan Peake, suka tattara binciken da aka yi a kan wannan, suka tarar hucewa da motsi ba ta hana tsamin jiki yadda ake zato, kuma babu ƙwaƙƙwarar hujjar cewa tana hana rauni. Wanda ya yi sati uku bai taɓa ƙwallo ba sannan ya buga minti 90, ko zagaye goma ya yi bayan wasa, ranar Litinin da ƙyar zai yi ruku'u.

Aikin sulala na zuciya ne da ƙwaƙwalwa. Yayin gudu, hanyoyin jinin ƙafa a buɗe suke, jini yana kwarara ƙasa da yawa. Abin da yake mayar da shi sama shi ne matsawar tsokar sha-raɓa da cinya: duk taku ɗaya suna matse jijiyoyi su tura jini zuwa ƙirji. Idan mutum ya tsaya cak, wannan famfon ya tsaya, amma hanyoyin suna nan a buɗe. Sai jini ya taru a ƙafa, abin da yake komawa zuciya ya ragu, ƙarfin bugun jini ya faɗi, ƙwaƙwalwa ta rasa rabonta. Nan ne jiri yake zuwa, ido ya yi duhu, zuciya ta tashi, wani ma ya yanke jiki ya faɗi. Likitoci a Afirka ta Kudu, cikinsu har da Tim Noakes, sun bi diddigin masu tseren kilomita 56 da suka faɗi, suka tarar kashi 85 cikin 100 bayan sun tsallake layin ƙarshe suka faɗi, wato bayan sun daina gudu. Wannan ne dalilin da ya sa a manyan gasannin gudu ma'aikata suke kora waɗanda suka gama su ci gaba da tafiya. Ƙari a kan haka, sinadaran da suke zaburar da zuciya, dangin adirenalin, ba sa sauka da zarar an tsaya. Suna nan da yawa a jini a mintunan farko, daidai lokacin da jinin da yake komawa zuciyar ya ragu. Ga mai raunin zuciya, waɗannan mintuna na da haɗari.

Maganin shi ne janye itace a bar garwashi. Daga gudu a koma sassarfa, daga sassarfa a koma tafiya, minti 5 zuwa 10, har numfashi ya daidaita, mutum ya iya hira ba haki. Sannan a yi miƙar nan da aka hana a farko, a sha ruwa, a zauna. Masu shan maganin hawan jini su fi kowa kiyaye wannan, domin wasu magungunan suna ƙara buɗe hanyoyin jini. Haka masu buga ƙwallo dab da shan ruwa a watan azumi, jiki ya wuni babu ruwa, da duk mai motsa jiki a tsananin zafi, lokacin da fata ma take jan nata kason jinin don ta fitar da zafi. Kuma kada a faɗa wanka da ruwan zafi nan take, shi ma yana ƙara buɗe jijiyoyi.

Idan wani ya faɗi bayan ya tsaya, yana numfashi, yana jin magana, a kwantar da shi rigingine a inuwa, a ɗaga ƙafafunsa sama da ƙirjinsa. Yawanci cikin 'yan mintuna yake dawowa. Kada a tashe shi tsaye, kada a ɗura masa ruwa sai ya farfaɗo sosai. Idan jikinsa ya yi zafi rau yana sambatu, wannan bugun zafi ne, a jiƙa shi da ruwan sanyi a garzaya asibiti. Amma wanda ya faɗi yana tsaka da wasa, babu wanda ya taɓa shi, ba ya amsawa, ba ya numfashi daidai, wannan wata magana ce daban. Samuel Okwaraji ya faɗi a filin wasa na ƙasa da ke Legas ranar 12 ga Agusta, 1989, ana wasa da Angola. Marc-Vivien Foé na Kamaru ya faɗi a birnin Liyon na Faransa ranar 26 ga Yuni, 2003, ana wasa da Kolombiya. Dukansu ƙwararru ne da suka san shirin wasa, kuma dukansu ciwon zuciya ne ya yi ajalinsu. Ɗumama jiki ba ya warkar da zuciyar da take da ciwo. Christian Eriksen na Denmak, da ya faɗi a 2021, ya rayu ne saboda an fara danna masa ƙirji nan take aka kuma sa masa na'urar farfaɗo da zuciya. Danna tsakiyar ƙirji da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, har a isa hannun likita, abu ne da ya kamata kowane koci ya je ya koya. Duk wanda kuma yake jin nauyi ko ciwo a ƙirji idan yana motsa jiki, ko ya taɓa suma a fili, ko a gidansu an taɓa yin mutuwar fuju'a ta matashi, ya ga likita kafin ya sake ɗaura takalmi.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana so baligi ya samu aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a kowane mako. Abin da yake hana mutanenmu cika wannan ba ƙiwuya ba ce kaɗai. Da yawa sun fara da niyya mai kyau, suka ji ciwo a sati na biyu, ko jiri ya kwashe su sau ɗaya suka tsorata, suka ce abin ba nasu ba ne. Idan awa ɗaya gare ka, minti 45 na tsakiya sun ishe ka, ka ba farko da ƙarshe haƙƙinsu, ka samu damar dawowa jibi da gata.

Kirana ga masu riƙe da usur ne, kocin unguwa da malamin wasanni na makaranta da dattijon da yake raba riguna ranar Asabar. Yara ba za su yi wannan da kansu ba, ƙwallo suke gani. Ku ne za ku riƙe ƙwallon a hammata har sai an yi minti 20 ɗin nan, aƙalla sau biyu a mako. Tsarin FIFA 11+ yana nan a intanet kyauta, da hotuna da bidiyo, wayar hannu ta isa a koye shi. Wanda ya makara, ya yi nasa a gefe kafin ya shiga. Idan kuka busa usur ɗin tashi kuma, kada ku bar kowa ya zauna sai an zagaya filin sau biyu da tafiya.